Matar Tsumma

Shekara biyu na yi ina yi wa mijina dariya a gaban 'ya'yansa, bakina cike da abincin da guminsa ya saya, kuma ban sani ba. Ko kuwa ban so in sani ba ne, wannan tsakanina da Allah.

Maigidana a kamfanin buga littattafai yake aiki, shi ke yanka takarda. Mutum ne marar hayaniya, amma da ya dawo da yamma ya wanke hannu ya zauna cikinmu, sai ka ce an kunna rediyo. Labarinsa kullum na mutum ɗaya ne, wani abokin aikinsu wai shi Tsumma. Shugaban ɗakin injin, wanda suke kira Babba, ƙanin mai kamfanin, shi ya raɗa masa sunan, domin in tawada ta ɓata masa hannu ba ya neman ƙyalle, sai ya ƙwala wa Tsumma kira ya goge a rigarsa.

Mun ji na ranar da aka shafa gam a kujerar Tsumma. Mun ji na ranar da Babba ya sa shi ƙirga takarda dubu biyar da hannu, saura kaɗan ya gama aka kunna masa fanka. In ya ɓata fuska a ce wasa ne, shi ne dai ba ya son wasa. Da ya kai ƙara wajen mai kamfani, aka ce masa ai don ana ƙaunarsa ne ake tsokanarsa. Maigida ya iya ba da labari, har tafiyar Tsumma yake kwaikwayo, kafaɗa a lanƙwashe. Babban ɗanmu ya yi ta buga ƙafa a ƙasa, Auta kuwa har ƙwarewa take yi.

Ni na fi kowa baki. Na ce wannan ba haƙuri ba ne, mutuwar zuciya ce. Wata rana ma na ce ina mamakin macen da take kallon irin wannan ta kira shi mijinta. Maigida ya yi dariya, ya ce in miƙo masa ruwa.

Duk wannan lokaci ni ke wanke rigunansa. Kusan kullum akwai baƙin shatin hannu a bayan rigar, tsakanin kafaɗu, yatsu biyar sarai, wani lokaci goma. Na yi mita har na gaji, na ce shi kaɗai ne yake cinye mana sabulun gida. Ya ce aikin tawada ya gaji haka. Ni da nake taƙama ba a yi min wayo, ban taɓa tambayar kaina yadda mutum zai kai tafin hannunsa tsakiyar bayansa ba, ko kuma me mai yankan farar takarda yake yi da tawada.

Wata safiya ya manta tabaronsa a kan taga. Na san ba ya ganin layin awo sai da shi, kuma wuƙar injin nan ba ta san uban kowa ba. Na naɗe tabaron cikin hankici na hau mota. Ban taɓa zuwa wurin ba, domin kullum yakan ce ba wajen mata ba ne.

Mai gadi ya nuna min wata ƙofa a ƙarshen baranda. A buɗe take rabi. Ɗakin dogo ne, ƙarar injina ta cika shi, ga warin tawada da kananzir, ga takardu jibge har kusa da silin. Can ƙurya na hango Maigida, ya sunkuya yana matse ido a kan teburin yanka. Na buɗe baki zan yi sallama ke nan, wani ƙaton mutum mai tumbi ya ɗaga hannuwansa biyu baƙi ƙirin ya ce, "Tsumma."

Bai ma ɗaga murya ba. Mijina ya ajiye takardun, ya tako har gabansa, ya juya masa baya da kansa, ya ɗan lanƙwasa kafaɗa. Tafiyar nan ce da yake kwaikwayo a gida, ashe ba kwaikwayo ba ne. Mutumin, wato Babba, ya goge tafin hannu da bayan hannu a rigar, ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗan buga masa ƙeya alamar an gama. Abin da ya fi ci min rai, babu ma wanda ya yi dariya. Kowa aikinsa yake yi.

Wata mata mai naɗe takardu kusa da ƙofa ta gan ni, ta ga tabaron a hannuna. Ta ce, da ƙarfi saboda ƙarar injin, "Sannu da zuwa. Ke ce matar Tsumma?"

Kawuna suka fara juyowa. Babba ma ya juyo yana murmushi.

Na ce, "A'a. Saƙo aka ba ni."

Na danƙa mata tabaron na fita. A mota na yi ta gaya wa kaina don in rufa masa asiri na yi. Ƙarya ce. Kunya na ji a ce nawa ne, kuma na san haka tun kafin in kai bakin titi. Na dai kwantar da raina da cewa ya juya wa ƙofa baya, bai gan ni ba.

Da yamma na yi girkin da ya fi so. Ya dawo da tabaron a fuskarsa. Ya wanke hannu ya zauna. Na yi niyyar in yara sun tashi in durƙusa in ba shi haƙuri, in ce gobe ma kada ya koma, ko ruwa za mu sha. Sai Auta ta riga ni.

"Baba, yau me aka yi wa Tsumma?"

Na ce ta rufe mana baki ana cin abinci. Maigida ya ce in ƙyale ta, ai yau labarin ya fi na kullum daɗi.

"Yau matarsa ce ta zo," in ji shi. "Ta kawo masa saƙo. Ta tsaya a ƙofa ta kalli Babba yana goge hannu, tun daga farko har ƙarshe. Da aka tambaye ta ko ita ce matarsa, sai ta ce a'a."

Babban ɗanmu ya fashe da dariya har shinkafa na fita daga bakinsa. Ya tambaya shi Tsumman me ya yi. Maigida ya ce babu abin da ya yi, Babba ne dai ya sa shi maimaita a'ar nan da muryar mata, sau uku, kafin a ba shi saƙonsa.

Auta ta share hawayen dariya ta ce, "Wallahi ta yi daidai. Ko ba haka ba, Mama? Ai ke kika ce."

Maigida bai kalle ni ba. Ya cinye abincinsa tas, ya tashi ya cire rigar, ya miƙo min da bayanta a sama.

"A jiƙa ta da wuri," in ji shi. "Yau hannu biyu ne."