Dokar Kallo a Rumfar Gyaɗa

Malam Tasi'u ya shekara shida yana aikin duba gyaɗa a wani ƙaramin kamfani da ke gefen titin Ɗanbatta, inda gonakin gero suka matso har jikin katanga. Aikinsa ba mai wuya ba ne. Mata kusan talatin ke zama a rumfa kan tabarmi, kowacce da faifanta, suna tsince ruɓaɓɓiyar ƙwaya da tsakuwa. Shi kuma yana zagayawa, ya damƙi gyaɗa daga kwanon wannan, ya baza a tafin hannu, ya ce ta yi ko a sake. Sai ya ce ta yi kafin mace ta juye a buhu ta tashi. Shekarunsa hamsin da biyu, kuma shi ke jan salla idan maza ma'aikata suka taru a gindin darbejiya.

Wata Litinin a tsakiyar kaka, manajar wurin, Hajiya Nana Maryam, ta sa aka kashe injin ɓara, ta tara kowa a bakin rumfa. Ta ce masu sayen gyaɗarsu na Kano sun sharɗanta cewa duk inda suke saye sai an kafa dokokin zaman aiki tsakanin maza da mata. Ta miƙa wa Malam Tasi'u takardar.

"Malam, kai ne mai murya. Karanta mana."

Ya gyara hula, ya karanta dalla-dalla. Ban da taɓa jikin kowa. Ban da raha kan jikin mutum ko aurensa. Ban da tare mace a hanyar gida. Da ya zo ta huɗu sai ya ɗan sassauta murya don a ji da kyau: kada ma'aikaci ya ƙura wa abokin aikinsa ido, ko ya bi shi da kallo har ya takura. Idan ana magana a dubi mutum kallon magana, idan an gama a kawar da kai.

Masu ɗaukar buhu suka kwashe da dariya. Malam Tasi'u ya ji daɗin dariyar, ya sauke takardar ya ce, "To jama'a, kun ji. Yanzu ido ma sai ya nemi izini." Aka ƙara dariya. Sannan ya ɗaure fuska ya yi musu 'yar nasiha, ya ce ai addini ya riga takarda faɗa, runtse ido ba sabon abu ba ne, samari su ji tsoron Allah. Yana faɗa yana duban Nababa, wani mai ɗaukar buhu da ya yi suna wajen tsokanar mata.

A cikin rumfa babu wadda ta yi dariya. Bai lura ba.

Bayan azahar Hajiya ta aika a kira shi ofis. Ta bar ƙofa a buɗe, ta nuna masa benci.

"Malam, dokokin nan uku na farko daga Kano suka zo. Ta huɗun ni na rubuta ta."

"Kin kyauta, Hajiya. Ai yaron nan Nababa sai da doka."

"Ba don Nababa ba ne." Ta juya biro a hannu. "Don kai ne."

Ya ji maganar sarai, amma sai ya ce, "Na'am?"

Ta faɗa masa ba tare da ta ɗaga murya ba. Inna Hure, wadda ta fi duk matan rumfa shekaru, ita ta zo da wasu mata biyu makon da ya wuce. Maganarsu a kan Khaulat ce, matashiyar nan da mijinta ya rasu bara, mai 'ya'ya biyu. Sun ce idan ya zo tabarmarta ba ya tashi. Sun ce ko yana can ƙarshen rumfa, idonsa na kanta. Da tana zama ne a gaba, bakin ƙofa inda iska ke shigowa, amma wata huɗu ke nan ta koma can baya, jikin injin ɓara, wurin da kowa ke gudu saboda ƙara da ƙaiƙayi.

"Ita ta ce haka?" Muryarsa ta fito da kaushi. "Ni? Hajiya, na kusa haifarta fa. Gyaɗa nake dubawa, aikina ke nan."

"Gyaɗar tana kan faifai, Malam."



"Ita ba ta kawo ƙara ba," in ji Hajiya. "Da na kira ta na tambaye ta, kuka ta yi. Ta ce kar a yi maganar, wa zai yarda, mutumin da ke jan salla. Na ba ka takardar ka karanta ne don ina fatan za ka ji da kanka, ba sai na zaunar da kai haka ba. Sai ka mayar da ita abin dariya."

Yana so ya rantse. Rantsuwar ta zo har bakinsa, sai wani abu ya tsayar da ita. Ya san akwai ɗan tabo a gefen girar Khaulat ta hagu. Ya san idan ta gaji tana cije leɓenta na ƙasa. Ya san hijabi uku gare ta, ya san wanda take sawa ranar Alhamis. Ya yi ƙoƙarin tuno fuskar matar da ke zama kusa da ita, wadda yake duba gyaɗarta kullum tsawon shekara uku, ya kasa. Ranar da Khaulat ta koma baya ma ya gani. Abin da ya yi shi ne ya sauya zagayensa ya riƙa farawa daga baya, ya ce wa kansa wai don aikin can ya fi datti.

Bai taɓa yi mata wata magana ba, bai taɓa matsawa kusa fiye da kima ba. A kan wannan ya dogara duk watannin nan, har bai taɓa kiran abin da suna ba.

"Me za a yi mini?" ya tambaya, kansa a ƙasa.

"Gargaɗi ne na farko. Na rubuta, za ka sa hannu. Idan an sake, sai in ɗauke ka daga rumfa."

Ya sa hannu.

Da la'asar ta yi, maza suka yi sahu suna jiransa. Ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ya tura direban kamfani gaba, shi ya tsaya a ƙarshen sahu kusa da Nababa. A gida matarsa Adama ta ajiye masa tuwo da miyar kuka, ya yi loma biyu ya ture. Ta tambaye shi ko zazzaɓi ne. Ya ce gajiya ce.

Washegari ya shiga rumfa kamar wanda ya yar da allura. Idonsa a ƙasa, yana bin gefen tabarmi. Yana miƙa hannu cikin kwano fuskarsa na kallon katanga, ya duba gyaɗar a gurguje, ya ce ta yi, ya wuce. Idan mace ta yi masa tambaya sai ya amsa wa ginshiƙin rumfa. Tabarmar Khaulat kuwa ya daina zuwa gaba ɗaya. Yana isa kusa da injin sai ya juya.

Kwana biyu ana haka. Abin da bai yi tunani ba shi ne, tunda bai duba gyaɗarta ba, ba ta da ikon juyewa ta tashi. Kowa ya watse, ita tana zaune da kwanuka cike a gabanta, har sai Hajiya ta fito daga ofis ta duba mata. Ranar Laraba kuma aka dawo da buhu biyu daga sito saboda an sami tsakuwa a ciki, aka sa mata huɗu suka sake tsincewa.

Ranar Alhamis da safe Inna Hure ta tare shi a bakin rijiya, inda yake wanke hannu. Ita ba ta ce masa Malam, don ta san shi tun yana yawo ba wando.

"Tasi'u, tsaya. Dube ni."

Ya ɗago da ƙyar.

"Yauwa. Ka ga ka dube ni, sama ba ta faɗo ba. Wa ya ce maka ka makance? Cewa aka yi ka daina cinye yarinya da ido. Da ka hana ta sakewa, yanzu kuma ka hana ta tashi da wuri, 'ya'yanta na can suna jira. Kowa a rumfa yana ganin kana tsallake ta, waɗanda ba su san zancen ba ma yanzu sun sani. Duk kunyar nan da kake ji, ita ke ɗaukar nauyinta."

"Inna, ban san yadda zan yi ba."

"Ka sani. Ka yi mata yadda kake yi mini."

Ya tsaya ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Can ya ce yana so ya ba ta haƙuri, amma ba shi kaɗai ba. Inna Hure ta ce za ta tambaye ta tukuna, in ta ƙi shi ke nan.

Ba ta ƙi ba. Aka haɗu a ofis, Hajiya na zaune, Inna Hure na tsaye a bakin ƙofa. Khaulat ta tsaya a gefe, hannayenta cikin hijabi. Ya shirya magana mai tsawo a ransa, har da cewa ba da wata manufa ya yi ba, amma da ya zo faɗa sai ya ji wannan ɓangaren ba shi da amfani ga kowa sai shi.

"Khaulat, abin da aka faɗa gaskiya ne. Na yi. Na cuce ki. Ki yi haƙuri."

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun da ta fara aiki a wurin. Idanunta sun yi ja.

"Wata huɗu, Malam, kullum sai na wanke ƙaiƙayi daga idona kafin in iya ganin 'ya'yana da kyau. Na so in bar aikin. Ban da inda zan je."



"Na ji haƙurinka," ta ce. "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni dai ka duba gyaɗata ka wuce."

Ta fita. Ya lura ba ta ce ta yafe ba, kuma ya san ba shi da bakin nema.

Daga ranar ya koyi aikinsa kamar sabon ɗauka. Ya tsuguna, ya damƙa, ya baza, ya duba ƙwaya, ya ɗago ya ce wa mai ita ta yi, ya tashi. Farkon kwanakin, duk sanda ya zo tabarmarta sai gumi ya keto masa a wuya. Bayan mako biyu ta ɗauki faifanta ta koma gaba da kanta, ba wanda ya ce komai.

Wata ranar kasuwar Ɗanbatta ya je sayen igiya da gishirin dabbobi. Yana tsaye a layin masu igiya sai wani mutum ya sauka daga babur ya nufo shi da fara'a, ya kama hannunsa da hannu biyu har da rusunawa. Basiru ne, yayan Khaulat, wanda take zaune a gidansa.

"Malam, na daɗe ina so in zo in yi godiya. Tun rasuwar mijinta ban so ta fita aiki ba, amma da aka ce mini kana wurin sai hankalina ya kwanta. Kwanan nan ma na ga ta ɗan sake, har tana hira. Don Allah a ci gaba da sa mata ido."

Malam Tasi'u ya ji kasuwar ta yi masa nisa. Ashe ba ta faɗa a gida ba. Ya ji kamar ya faɗa wa mutumin nan komai a nan take, ya huta. Amma ya tuna maganar tata ce, ita ta zaɓi ta rufe, ba shi zai buɗe don ya sami sauƙi ba.

"Basiru," ya ce a hankali, "ba ni za ka gode wa ba. Akwai wata tsohuwa, Inna Hure. In za ka yi godiya, can za ka kai."

Basiru ya yi dariya, ya ce Malam ke nan, kullum da ƙanƙan da kai. Ya sake girgiza masa hannu, ya hau babur ya tafi.

Mai igiya ya tambaye shi wacce zai ɗauka, doguwa ko gajera. Ya tambaya har sau biyu. Malam Tasi'u ya ce zai dawo, ya ratsa ta bayan rumfunan masu hatsi inda babu jama'a sosai, ya kama hanyar tasha.