Haladu Ɗan'uwan Kunama

Tun kafin zuwan Nasara, a wani ƙauye a gindin duwatsun Roni, an yi wata mata Saude, wadda Allah ya haɗa da miji mai saurin gaskata magana. Sunansa Haladu.

Wata damina wani Babarbare mai ilimin taurari, Malam Kaumi, ya sauka a garin. Haladu ya je a duba masa. Malam ya tambayi sunansa da na mahaifiyarsa, ya yi zane a faifan yashi, ya ce burujinsa, wato taurarin da aka haife shi a ƙarƙashinsu, Kunama ne. Bayan magariba ya nuna masa ita a sama ta wajen kudu, jelarta a lanƙwashe, da jan tauraro a ƙirjinta.

Haladu ya dawo gida yana taƙama, ya tarar da Saude ta ɗaga takalmi za ta kashe kunama a bakin murhu.

"Kul! Dangina ne," in ji shi.

"Maigida, ta wajen uwa ko ta wajen uba?"

Bai kula ta ba. Tun daga ranar, duk gidan da aka ga kunama sai a kira Haladu, ya kwashe ta a kasko yana yi mata sannu, ya sake ta a bayan ɗakinsu. Saude ta koma kwana da takalmi a ƙafa.

Rannan aka ga wata baƙar kunama ƙatuwa a rumbun dagaci. Jama'a suka taru. Haladu ya ga ido ya yi yawa, ya ajiye kasko, ya sa hannu. Ta ɗana masa harbi. Ya yi tsaye, gumi na tsiyaya.

"Lafiya?" in ji dagaci.

"Ranka ya daɗe, gaisawa muka yi." Bai rufe baki ba ya kurma ihu, ya zube.

Saude ta ja shi har masaukin Malam Kaumi, hannu ya kumbura kamar tulu. Malam ya ce shi taurari ya nuna masa, bai ce ya kama ta ƙasa ba. Ya sake tambayar sunan mahaifiya. Haladu ya ce Adda.

"Allah gafarta Malam, Adda goggonsa ce da ta raine shi," in ji Saude. "Wadda ta haife shi Dela."

Malam ya share yashi ya sake lissafi. Saude ta ga fuskarsa ta canja, ta matso. Ya raɗa mata cewa Zaki ne ya fito.

Ta tuna maharba sun ce akwai zaki a dajin Gwiwa. Ta ce a hankali, "Don girman Allah, babu wani mara haƙori?"

Malam ya yi gyaran murya, ya ce, "Haladu, burujinka Guga ne."

Haladu ya yi ta godiya. Da hannun ya warke, bai ƙara barin Saude ta je rijiya ba, shi ke ɗebo ruwa da kansa, wai ba ta san yadda ake girmama guga ba.