Idanun Beyar da Ambrose Ya Ƙi Buɗewa

Mu ƙabilar Haidawa, mazauna tsibirai, idan babba ya rasu, danginsa ba sa sassaƙa masa ginshiƙin tunawa da hannunsu. Mu 'yan zuriyar Hankaka ne, shi ya sa da yayana Percy ya rasu muka kai gungumen itacen sida wurin Ambrose, tsohon masassaƙin 'yan zuriyar Mikiya. Sai ranar da aka kafa ginshiƙin a bakin teku ne matar Percy, Delphine, za ta fita daga makoki.

Ambrose ya gama sassaƙa hankaka a jikin ginshiƙin, ya gama kwaɗo, saura idanun beyar, babbar dabbar dajinmu, da ke gindinsa. Nan aiki ya tsaya. Lokacin da kifi ke hawa kogi ya zo ya wuce, sanyi ya shigo ya fita, kullum da uzurinsa: yau itace ya jiƙe, gobe gizago ya dakushe. Delphine ta rame, har ta daina tambaya. Ni kaina na gaji da hawa tudun da Ambrose ke aiki, amma na ƙunsa bandar kifi na sake zuwa rumfarsa.

Na same shi yana wasa gizagon da ko gashi zai aske, na ce masa:

"Tsohon banza, so kake mu bi Percy kafin ka buɗe wa dabbar nan ido?"

Ya ce ni komai nawa ya tsufa ban da bakina. Can sai ya naɗe wando ya nuna mini gwiwoyinsa, sun kumbura suntum. Ya ce idanun ba wani aiki ba ne. Abin da ke gabansa ranar kafawa ce, da masassaƙi kan ɗaura kayan aikinsa a ƙugu ya zagaye ginshiƙi da rawa, gari na kallo.

"Faɗuwa zan yi, Ida. A gaban kowa."

Na ce masa ya faɗi mana, Delphine da ke makoki ta fi shi daɗewa a ƙasa. Ya ci kifin, ya jawo kujera kusa da beyar, ya fara buɗe idanun.

Ranar da aka ja igiyoyi ginshiƙi ya miƙe, ana yayyafi. Ambrose ya shiga rawa, ya kai rabi, ya zube a kan tsakuwa. Babu wanda ya taɓa shi. Makaɗa suka sassauta hannu suna jira, har ya dogara da ƙotar gizago ya tashi, ya ƙarasa zagayen da jan ƙafa. Delphine ta yi kukanta ta share.

Ya zo ya zauna kusa da ni yana haki, ya ce in kwance masa kayan nan daga ƙugu, yatsunsa sun ƙi.