Gyaran Mota a Bayan Dangar Inna Cima

Sha'ibu bai taɓa damuwa da rediyon motarsa ba. Tsohuwar Fijo ce mai buɗaɗɗen baya, yana kwasar 'yan kasuwa da buhunan albasa tsakanin Dewule, Buza da Madawa, kuma ƙarar da jikinta ke yi ma ta ishi mutum kiɗa. Lasifika ɗaya gare ta a gaba, ta yage tun a hannun mai motar na farko. In ka sa kaset sai ka ji kamar an rufe zanzaro a gwangwani.

Abin da ya tayar masa da hankali shi ne mahaifiyarsa, Inna Cima, ta daina cin abinci.

Wansa Almu, ɗanta na fari, ya yi shekaru a Abijan bai zo gida ba. Bayan girbi wani ɗan garinsu ya dawo daga can da saƙo: turmin atamfa, da kaset da Almu ya yi magana a ciki, da tsohuwar jakarsa cike da tufafin da ya ce a raba wa dangi. Ai kuwa jakar nan ce ta jawo abin. A ƙasarsu ta Adar kowa ya san irin ranar da ake kawo jakar mutum gida ba shi. Inna ta ga jaka, ta ga mai saƙon ya ja Sha'ibu gefe suna magana, ga kunnenta ya yi nauyi tun shekarar da ta yi sanƙarau. Ta ajiye ludayi ta shige ɗaki.

Babu irin ihun da ba su yi ba: "Inna, lahiya lau shike!" Sai ta gyaɗa kai kawai. Ita ma ta sha gaya wa tsofaffi haka a zamaninta, alhali an riga an rufe mutum. Tambaya kuwa ba za ta yi ba, don ɗan fari ne, ko sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Sha'ibu ya aro ƙaramin rediyo ya kanga mata a kunne, ta ture hannunsa. Kullum ƙara ramewa take yi, har tsoro ya kama shi sosai.

Ranar kasuwar Madawa ya tsaya a rumfar Alhassan mai gyaran rediyo.

"So nike motag ga ta yi magana har kurma shi ji," in ji Sha'ibu.

Alhassan ya dube shi. "Biki za ka yi ko siyasa? Siyasa dai soja sun hana."

Da ya ji labarin sai ya bar wasa. Ya kwance tsohuwar lasifikar, kashin ɓera da ƙaiƙayin gero suka zubo masa a cinya. "Rediyonka ba shi da ƙarhi," ya ce. "Ko lasifika goma ka sa, in babu ampili, banza na. Shi ka ɗaukar murya shi ƙara mata ƙarhi." Ya jawo wani ampili mai ƙura daga ƙarƙashin tebur ya ɗaure shi a ƙasan kujerar direba, ya ja waya mai kauri har zuwa batir. Manyan lasifika biyu ya zaunar cikin akwatunan katako, suka ɗaure su a bayan mota da yankakkiyar robar taya. Da suka gwada, wani jaki da ke ɗaure a gefen rumfa ya tsinke igiya ya yi cikin masu albasa.

Sha'ibu ya dawo Dewule da la'asar yana jin kansa. Ya tsayar da mota a ƙofar gida, unguwa ta taru, maza da mata. Ya shimfiɗa tabarma, ya lallaɓo Inna ya zaunar, ya sunkuya a kunnenta ya kwarma: "Muryar Almu za ki ji!"

Tsohuwar da ke kasa ɗaga buta sai ga ta ta miƙe zumbur. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bi ta tsakiyar mutane ta tafi gidan ƙanwarta can ƙarshen gari. Ko kaset ɗin bai sa ba.

Yayarsa Biba ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu. "Kai dai mota ta cinye maka hankali. Gaban jama'a za ta zamna ta kasa kunne ga ɗan hwari? Ina ka taɓa ganin anka yi haka?"

Kunya ta rufe shi. Duk wahalar nan ya yi ta ne don kunnenta, ya manta da kunyarta.

Sai da dare Inna ta dawo ɗakinta. Washegari da hantsi Biba ta kwashe matan gida suka tafi rijiya. Sha'ibu ya zagaya da mota ta bayan gida, ya tsayar daf da dangar kara inda ɗakin Inna yake, ya juya akwatunan suna kallon dangar. Ya buɗe bakin mota, ya watsa kayan gyara a ƙasa don mai wucewa ya ga aiki ake yi. Sannan ya sa kaset, ya murɗa ampili har ƙarshe, ya shige ƙarƙashin mota ya kwanta.

"Salamu alaikum. Ni na, Almu."

Karan dangar har rawa suke yi. Almu ya gaida mai gari, ya gaida liman, ya yi wa Biba barka da haihuwar da ta yi da damina. Ya ce jakar nan ta tsufa, ya sayi sabuwa. Ya tsaya ya yi tari, ya tambayi gero da akuya. Can ƙarshe, kamar wanda ya tuna a kan hanya, ya ce, "A gaida tsohuwa. A ce mata ina nan tahe da Babbar Salla, in Allah ya so."

Daga inda yake kwance Sha'ibu yana hango gindin danga. Ta tsakanin kara ya ga ƙafafu biyu masu faso, tsaye, ba sa motsi. Ya danne bakinsa da hannu mai baƙin mai, hawaye na gangara masa cikin kunne.

Kaset ya ƙare.

"Wane marar aikin yi na ka damun mutane da hayaniya tun da sahe?" Muryar Inna ce ta saman danga.

"Gyara nike, Inna!" ya ɗaga murya.

"Gyara." Ta yi tsaki. "In Biba ta komo ka ce ta dama min hura, da nono da yawa. Mai surutun nan kuma mura gare shi. In an samu mai tahiya, a kai mai citta da kanunhwari."

Ƙafafun suka juya za su tafi, sai kuma suka tsaya.

"Motar taka ba ta gyaru ba, ina ji. Gobe ma nan za ka gyara ta."