Basilin a Leɓen Tela

Sista Gaggawa ba ta taɓa buɗe bakin tsohon telan da ke gado na huɗu ba, ko sau ɗaya cikin kwana goma sha ɗaya. Amma safe da la'asar sai ta sa hannu a takarda cewa ta wanke shi. Wannan ƙaryar ce ta kashe mutumin.

Shanyewar ɓarin jiki ta kawo shi asibiti. Ba ya magana, ba ya haɗiya, ta bututun hanci ake ba shi abinci. Mai irin wannan ciwo dole a riƙa buɗe bakinsa, a goge harshe da dasashi, a zuƙe abin da ya taru, in ba haka ba ƙazantar ta gangara huhu. An koya mata wannan a makaranta. Sai dai ta lura shugabar ɗakin, in tana zagaye, leɓe kawai take kallo. Shi ke nan ta samo dabara: ta lakaci basilin, ta shafa, leɓe ya yi ƙyalli, ta wuce. Kafin abokan aikinta su gama da mutum biyu ta gama da shida, shi ya sa suka laƙaba mata sunan Gaggawa.

Tun ranar farko babbar 'yar telan, wadda ke jinyarsa, ta ce mata, "Sista, Baba yana da haƙoran roba a sama. Kullum cirewa yake yi ya wanke."

"Za a duba," in ji ta. Ko a takarda ba ta rubuta ba.

Ranar bakwai 'yar ta sake tare ta. "Sista, bakin Baba yana wari."

"Baiwar Allah, asibiti kika zo ko shagon turare?"

"To in wanke masa da kaina?"

"Ki ɗura masa ruwa ya shaƙe, ki ce mu muka kashe shi? Koma bencinki."

Ta koma. Ta zauna tana yi wa ubanta fifita, tana kawar da fuska in ya fitar da numfashi, tana jin kunyar kawarwar.

Ranar goma sha ɗaya zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa na ƙara. Likita ya saurari huhun, ya sa tocila ya buɗe bakin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki fayil ya ƙirga.

"Sista, sau ashirin da biyu kin wanke bakin nan. Yana da haƙoran roba?"

"Ba shi da su, likita."

Ya sa hantsaki, ya ɓamɓaro haƙoran da ƙyar, ya ajiye a faranti. Guda huɗu ne a jere. Sun yi kore, ƙarƙashinsu mugunya da jini, ganɗar duk ta zama gyambo. Leɓen kuwa yana ta ƙyalli.

'Yar ta dubi farantin. "Na gaya miki," ta ce a hankali. "Wallahi na gaya miki."

An canza magani, an sa masa iskar numfashi. Huhun ya riga ya cika. Bayan kwana biyu, da hantsi, tela ya rasu.

A gaban kwamiti Sista Gaggawa ta ce majinyata sun yi yawa, ma'aikata kaɗan. Gaskiya ne. Amma yawan aiki bai riƙe hannunta ya rubuta ƙarya ba. An kore ta daga aiki, an soke lasisinta na jinya har abada.