Hoton da Babu Ɗankunne

Shekara ashirin da biyu Al-Amin ya yi yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan a ma'aikata, kafin ya gano ashe don ɗinki aka halicce shi. Ya buɗe shago a Kubwa, ya hana kowa ce masa tela. Shi designer ne, mai tono kwalliyar matan da.

Ranar da Nazeefa ta kawo masa hoton kakarta, ta ce irin wannan shigar take so ranar kamun aurenta, sai da ya goge tabarau ya mayar. Hoto ne baƙi da fari, gefensa duk ya cinye. Wata matashiya ce zaune a kujera, da zane mai duhu, riga ba ɗigon aiki, ɗankwali ya sauko har gira. Ba ɗankunne, ba sarƙa, ba kwalli.

"Kin gani?" in ji shi. "Matan da ba sa ihu da kaya. Wannan shi ne class."

Ya aika Kano aka rino masa saƙi. Ya hana ta sa gwal ko na ƙwayar gero. Ya kuma zuba dogon Turanci a Instagram kan sauƙin kai irin na kakanni.

Saura kwana biyu kamu, Nazeefa ta zo gwaji tare da Gwaggo Rumasa'u, ɗiyar matar da ke hoton, wadda ta iso daga Zariya jiya. Al-Amin ya san lissafin. In tsohuwar nan ta yi tsaki, kayan ba za su ga wurin biki ba, ƙawayen amarya shida da ke jiran ganin aikinsa kuma shagunan ɗinkin Wuse za su nufa.

Nazeefa ta fito daga bayan labule. Gwaggo ta ajiye lemon da ke hannunta.

"Wa ya rasu?" ta tambaya.

"Haba Gwaggo! Shigar Hajiya Babba ce fa." Nazeefa ta miƙa mata hoton.

Tsohuwar ta daɗe tana dubansa.

"Kwana arba'in da rasuwar Baba aka ɗauki wannan. Wurin aikinsa ne suka ce sai an manna hoton matarsa a takarda. Takaba take yi. Ina tsaye bayan mai hoto, ina kuka." Ta juyo. "Malam tela, takaba ka ɗinka wa amarya?"

Al-Amin ya tuna fayil. Fayil bai taɓa kunyata shi haka ba.

"Oga, kai ka ce class ne!" in ji Nazeefa. "Jibi ne fa. Ba ni da wasu kayan."

"Zan sa duwatsu," ya ce da sauri. "Da surfani a wuya. Har da..."

"Kul!"

Gwaggo ta tashi da ƙyar, ta kama bakin zanen, ta murza tsakanin yatsu. Ta shinshina.

"Saƙin dai na gaske ne," ta ce a hankali. "Irinsa ne a jikinta. Na aurenta ne, shi kaɗai gare ta na fita kunya. Ado kawai ta cire." Ta dubi Nazeefa. "Durƙusa, 'yar nan."

Ta warware ɗankwalin, ta tura shi baya har gaban goshi ya fito, ta ɗaure shi da tozo a gefe. Sannan ta kai hannu kunnenta, ta ciro wasu 'yan kunnen azurfa da suka yi baƙi don tsufa.

"Nata ne. Su ta cire kafin ta zauna a kujerar nan."

Ta saka wa Nazeefa. Duk suka juya ga madubi. Matar hoton ce tsaye, amma kafin a yi mata mutuwa.

"A sa mata kwalli da lalle," in ji Gwaggo, tana share ido da bakin mayafi. "Hannun rigar nan kuma ya yi tsawo, awarwaro ba zai fito ba. Tela! Kawo almakashi."

"Na'am, Hajiya," in ji Al-Amin, har yana tuntuɓe da kujera.