Dokar Baba Direba

Layin saukar wasa da ke fuskar talabijin yana kan kashi sittin da biyu lokacin da suka ji wani abu ya faɗi a bayan bango. Tim! Kamar an yar da buhu.

"Kai, ba ka ji ba?" in ji matar Mai Aski, dutsen guga a hannunta.

Ya ji sarai. Amma ranar hutunsa ce, kuma wasan tuƙin manyan motoci da suke bugawa da maƙwabcinsa Baba Direba, kowa daga ɗakinsa, ya tashi da sabuntawa, sai ta gama sauka kafin a taɓa komai. Intanet ɗaya gidajen biyu suke ja. Shi kuwa Baba, tsohon da ya shekara talatin a kan titi kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi, yana da doka: muddin wasa na sauka, kowa ya kashe wayarsa ɗif. Wai waya na yi wa intanet nauyi yadda lodi ke yi wa mota a hawan tudu. Mai Aski ya san rabin zancen shirme ne, to amma wa zai ja da Baba? Ranar da ya taɓa leƙa shi da waya a aljihu, ya sha faɗa har da na gobe.

"Kujera ya ture," ya ce.

"To je ka duba mana."

"In je ya ce ni na tsayar da ita? Bari ta cika tukuna."

Saba'in. Saba'in da ɗaya. Layin nan yana jan ciki kamar hawainiya. Baba mutum ne mai yawan tari da tsaki, ko a zaune yake sai ka ji yana zagin kamfanin intanet ta cikin bango. Yau tsit. A kan tamanin da huɗu ya miƙe, ya tsaya, ya sake zama. Wallahi tsoro yake ji, tsoro sosai, amma kunyar a ce ya firgita a banza ta danne shi a kujera.

Da ta cika ɗari ya fizgo abin magana ya maƙala a kunne.

"Baba, an buɗe hanya! Yau sai na bar ka a baya."

Shiru.

"Baba?"

Ya kunna waya. Saƙonni suka shigo a jere: Baba Direba ya kira shi sau huɗu.

"Innalillahi!" Ya fice a guje, ko takalmi bai saka ba.

Ƙofar Baba a sakate take ta ciki. Ya buga, ya ƙwala kira, ya zagaya ta taga ya ɗaga labule ta tsakanin ƙarafa. Ƙafa ɗaya ya hango a ƙasa, silifas ya fice daga jikinta. Matarsa ta ruga ta kira Mai Walda na bakin layi, ya zo da ƙarfe suka ɓalle sakatar.

Baba yana kwance tsakanin kujera da tebur, bakinsa ya karkace gefe guda, wayarsa na haske kusa da yatsunsa. Tsohon da kansa ya karya dokarsa, su ne suka riƙe ta gam. Idonsa biyu. Ya kalli Mai Aski yana son yin magana, sai miyau.

"Ga ni, Baba, ga ni. Don Allah kada ka yi mini haka."

A bayan motar Mai Walda ya ɗora kan tsohon a cinyarsa, yana taɓa wuyansa kowane minti ya ji ko jijiya na bugawa. Kowace danja suka tarar, ja ce.

A asibiti likita ta haska idon Baba, ta juyo. "Tun yaushe ya faɗi?"

Mai Aski ya buɗe baki. Bai san ƙarfe nawa ba. Abin da ya sani kawai, tun kashi sittin da biyu.

"Zai kai awa ɗaya," in ji matarsa a hankali.

Likitar ta tura gadon da sauri. Kafin rana ta yi sanyi ta fito ta cire safar hannu, tun daga nesa suka gane.

'Yar Baba, wadda ta saya masa na'urar wasan don ya rage kaɗaici, ta iso daga wurin aiki idonta jawur. Ta durƙusa gaban Mai Aski.

"Yaya, Allah ya saka maka. Kullum cewa yake kai ne ɗansa na bayan bango." Ta share hawaye. "Bai sha wuya ba, ko? Bai nemi kowa ba?"

Wayar da ke aljihunsa ta yi masa nauyi kamar dutse.

"Ya nema," ya ce. "Ni ya nema. Na kashe waya."

Ta miƙe ta shiga wurin gawar.

Da yamma ya ɗauki guduma da ƙusoshi ya je gyara sakatar. Ba wanda ya tuna ya kashe talabijin ɗin Baba. Wasan ya gama sauka ya buɗe da kansa, jar motarsa ta cikin wasan tana nan tsaye a bakin ƙofar tasha, inji na ruri a hankali, fitilar hannun dama na ƙyaftawa.